Daga Kaskon Mazarƙwaila Zuwa Rumfar Inabi: Ziyara Ƙasar Ruwan Bago

Jihar Kano tana da wata kusurwa can kudu maso yamma, inda mutum zai yi sammako daga gonarsa ya ci kasuwa a Katsina, gobe kuma ya kai barkar suna Kaduna, duk a kan babur. Ƙasar Rogo ke nan. Ruwan Bago ɗaya ce cikin mazaɓunta goma, tare da irin su Gwangwan da Zarewa da Fulatan da Beli, kuma tun dokar masarautu ta 2024 Karaye da Rogo ne suka rage a ƙarƙashin Sarkin Karaye. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Rogo mutum dubu 227 da 'yan kai, yau kuwa sun fi haka nesa ba kusa ba. Mutumin birni in ya san yankin, galibi ta madatsar Challawa ya san shi, wadda aka kammala a 1992 a ƙasar Karaye, ko ta kifin da ake kamowa a cikinta. Ni dai ba kifi ya kai ni ba. Zaƙi na bi.

Rogo da maƙwabtanta, Danja ta Katsina da Makarfi da Kudan na Kaduna, ƙasar fadamu ce iri ɗaya, iyakar jiha ce kawai ta ratsa ta a takarda. Rake ne babban abin da aka san ta da shi. Sai kuma wani baƙo da ya sauka a ɓangaren Kudan ya yi kaka-gida, wato inabi. Duk wanda ya zaga wuraren biyu a hunturu guda zai ga cewa manomin rake da manomin inabi matsala ɗaya ke gabansu: sun noma zaƙi, zaƙi kuma ba ya jira. Ɗaya ya daɗe da samo mafita. Ɗayan har yanzu yana hannun dillali.

Lokacin zuwa shi ne bayan an kai dawa rumbu, sanyi ya sauka, har zuwa shigowar zafi. Hayaƙi ne ke nuna maka wurin tun daga nesa, a bakin fadama, sannan ƙamshi ya tarye ka, na sukarin da ke gab da ƙonewa gauraye da hayaƙin tuƙa. Wurin da na tsaya, a ƙauyukan da ke kewaye da Ruwan Bago, ba gini ba ne ba kuma masana'anta ba. Rumfar kara ce, da tarin rake a gefe, da inji a kafe tsakiyar fili. Injin ƙarafa ne masu juyawa suna cizon juna, an ɗaura masa dogon itace, an ɗaure doki a ƙarshen itacen. Doki na zagaye, yaro na biye da shi da tsumagiya, wani mutum a tsugune yana cusa rake ta gefe ɗaya, tuƙa na fita ta ɗaya gefen a daddatse, ruwa kuma yana zuba cikin garwa, kore-kore mai duhu, da kumfa a kansa. Yanzu masu hali sun koma injin fetur, wanda ke gama aikin yini cikin 'yan sa'o'i. Sai dai fetur ya yi tsada, doki kuwa ganyen raken da aka sare ma yana ci, shi ya sa har gobe bai bar fagen ba.

"Sannunku da aiki, Baba."

"Yawwa, sannu da zuwa, Malam. Daga birni?"

Bai jira amsa ba ya kamfato ruwan a kofi ya miƙo mini. "Sha yanzu. In ya jima ba naka ba ne."

Gaskiya ya faɗa, kuma a kan wannan maganar aka gina sana'ar gaba ɗaya. Rake tun daga sa'ar da adda ta taɓa shi yake fara asarar sukari, shi ya sa ake son a matse shi a ranar da aka sare ko washegari. Ruwan da aka matse ya fi shi gajen haƙuri. Ƙananan halittun da ke jikin karan da cikin iska suna faɗa masa nan take, cikin 'yan sa'o'i ya soma tsami, in aka bar shi ya kwana biyu ya zama abin da Musulmi ba ya kaiwa baki. Saboda haka wuta ba ta nisa da inji. Taku kaɗan ne tsakanin garwa da kasko.

Murhun rami ne aka haƙa a ƙasa, da ƙofar zuba makamashi a gefe da mafitar hayaƙi a baya, an girka faffaɗan kaskon ƙarfe a kai. Makamashin ba itace ba ne, tuƙar jiya ce da aka shanya ta bushe, wato rake ke dafa kansa. A ƙasar da icen girki ke neman gagarar talaka wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da ruwa ya ɗau zafi sai datti ya taso sama, baƙar kumfa mai kauri, mai dahuwa ya riƙa yaɗe ta da ludayi mai dogon mariƙi. A nan ake gane gwani da ɗan koyo. Wanda ya yi ƙyuyar kwashe kumfa, mazarƙwailarsa za ta fito baƙa da ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe, wanda ya tsaya a kanta kuwa tasa za ta fito ja mai haske, har ka ga ƙwayar sukari in ka ɓantara.

Ruwan na ƙonewa, launi na sauyawa, daga kore zuwa ruwan ƙasa zuwa ja, har ya kai matakin maɗi, mai kauri yana bin ludayi. Yara na nan a tsaye da guntun kara, kowa na jiran a ce ya dangwala. Daga maɗi zuwa sauke kasko lokaci ne ƙanƙane, kuma shi ne mafi haɗari. Masu auna zafi sun ce wajen digiri 118 zuwa 120 ake saukewa. Mai dahuwar da na gani ba shi da ma'auni, yana kallon yadda tafasar ke fashewa ne, yana sauraren ƙararta, sai ya ɗiga kaɗan a ruwan sanyi ya murza da yatsa. In ya dunƙule, ya yi. Minti biyu kafin haka ba za ta daskare ba, minti biyu bayan haka ta ƙone, an yi asarar raken yini. Sai mutum biyu su kama kaskon su sauke, a yi ta juyawa har ya sha iska ya fara dusashewa, a zuzzuba cikin ƙananan tasoshi da aka jera a ƙasa. Kafin a sake cika kasko sun yi tauri, a kife su, a tara. Kimanin kilo goma na rake ke ba da kilo ɗaya na mazarƙwaila. Abin da zai lalace a kwana biyu ya koma abin da zai yi watanni a buhu, kayan da sai an ɗauko mota ya koma na bayan keke.

Ba kowane rake ke shiga inji ba, ko in ce ba kowanne ya kamata ya shiga ba. A bakin mutanen fadama rabon farko na launi ne: akwai fari, akwai baƙi, wanda a ido ja ne mai duhu. Sai rabo na biyu, na haƙori. Raken sha shi ne mai kauri mai laushi, mai yawan ruwa, wanda masu baro ke ferewa su yayyanka a titunan Kano, kuma kuɗinsa a tsaye ya fi kuɗinsa a kasko, don haka manomi ba ya kai shi inji sai in kasuwa ta ƙi. Siriri mai tauri, wanda zai iya tafiya da haƙorin dattijo, shi ne abokin mai mazarƙwaila, domin ruwansa kaɗan ne amma sukarinsa da yawa. Ko a kara ɗaya ma gindi ya fi kai zaƙi, shi ya sa kan ake ajiyewa iri. Akwai kuma gyauro, wanda ya sake tsirowa daga saiwar bara, ya fi saurin nuna amma ya fi ƙanƙanta. Takanɗa, da wasu yaran birni ke ɗauka ƙanwar rake ce, dangin dawa ce, kuma ta riga injin nan zama a ƙasar Hausa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda masu saye ke rarrabe mazarƙwaila da harshe. Wata tana da ɗan gishiri-gishiri, a ce raken fadamar kanwa ne. Wata ta yi baƙi ta ƙi bushewa, tana naso a buhu, a ce an cika wa gonar takin zamani, kuma kimiyya ta yarda da su, domin yawan takin yuriya yana ƙara wa rake tsawo da ruwa ya rage masa ingancin sukari. Ta farkon kaka ba ta kai ta tsakiyar hunturu ba, saboda sanyi da bushewar iska ne ke sa kara ya daina girma ya koma tara zaƙi. A Faransa irin wannan sanin ne aka mai da doka. Tun 1935 suka kafa tsarin da ya ce abin sha ba zai ɗauki sunan yanki ba sai in a yankin aka noma inabinsa, da irin da aka amince, ta hanyar da aka amince, kuma sunan ƙauye kawai yana iya ninka farashin kwalba sau goma. A nan ilmin yana nan, a bakin dillali da bakin tsohuwa mai nakiya, amma da kaya sun hau mota sunansu ɗaya. Ta gwani da ta ɗan koyo buhu guda suke shiga. A ganina wannan ce babbar asarar sana'ar, ta fi tsadar fetur.

To me ake ci da ita? Mafi sauƙi, kuma a wurina mafi daɗi, shi ne gutsuren mazarƙwaila da soyayyar gyaɗa, ka gatsa nan ka watsa can, maiƙon gyaɗa ya kashe kaifin zaƙin. Ɗan makaranta da leburan gona sun san wannan tun kafin a ƙirƙiro biskit mai tsada. A kunun tsamiya ita ce daidai, domin farin sukari zaƙi kawai yake ƙarawa, ita kuwa tana zuwa da ƙamshin wuta da ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa da tsamin. Haka a koko mai citta da kanumfari. Kunun kanwar mai jego, a gidajen da ba a bar al'ada ba, da ita ake sha. A fura da nono ra'ayi ya rabu: wasu na cewa tana ɓata farin nono tana danne ƙamshin gero, ni ma ina tare da su, sai dai in nonon ya yi tsami sosai. A shayi mai madara kuwa a yi hankali, in ta yi ɗan tsami tana iya tsinka madarar.

Babban fagenta shi ne kayan gara. Nakiya, wadda ake yi da garin shinkafa da man shanu da kayan yaji, da zuma ko mazarƙwaila ake ɗaure ta, kuma don haka take yin watanni a ɗakin amarya ba ta canza ba. Alkaki ana tsoma shi a ruwanta da aka narka da ɗan tsami don kada ya daskare. Kantun riɗi ma haka. Akwai kuma wata kasuwa da maza ba su cika magana a kanta ba alhali don su ake yi, ta tsimin mata, inda ake dafa rake da mazarƙwaila da kanumfari da citta. Duk mai sayar da ita a kasuwa ya san kaso nawa na cinikinsa ke tafiya can. Gargaɗi ɗaya ya wajaba, domin na sha jin ana cewa ita ba ta cutar da mai ciwon sukari tunda ta gargajiya ce. Ba haka ba ne. Tana da ɗan sinadarin ƙarfe da wasu ma'adanai da ake cirewa daga farin sukari, amma mafi yawanta sukari ne, kuma jini bai san bambanci ba.

Muna kiranta ta gargajiya, amma injin bai fi shekara ɗari da 'yan kai a ƙasar nan ba. Rake da maɗi da alewa tsofaffi ne. Matsewa da ƙarfe a dafa har ya zama curi kuwa, tarihin mishan na CMS a ƙasar Zazzau ya nuna an koyar da shi a Gimi, cikin ƙasar Makarfi ta yau, a shekarun Yaƙin Duniya na Ɗaya, a wani ƙauyen da ciwon barci ya watsa daga baya. Ƙauyen ya tashi, sana'ar ta zauna. A Yaƙi na Biyu, da sukarin waje ya yi wuya, injunan da dabba ke ja irin na Indiya suka ƙara yaɗuwa a fadamun Zazzau da Kano da Katsina. Abin lura shi ne manyan kamfanonin sukari da gwamnati ta kafa, Bacita a shekarun 1960 da Savannah ta Numan bayanta, duk sun sha faɗuwa da tashi da sauyin hannu, har yau kuma sama da kashi 90 cikin ɗari na sukarin da Nijeriya ke sha daga waje ake shigo da ɗanyensa, mafi yawa daga Burazil. Doki da kasko ba su taɓa rufewa ba.

Daga nan na ƙetara iyaka zuwa Kudan, ƙaramar hukumar da hedikwatarta ke Hunƙuyi, a kan hanyar da ta taso daga Zariya ta nufi Danja. Wanda bai taɓa ganin gonar inabi ba zai wuce ta bai sani ba, domin daga waje shinge kawai ake gani, wani wuri da raga a sama. In ka shiga sai ka sunkuya. An kakkafa ginshiƙai a jere, an ja waya a kansu ta zama rumfa, kurangar ta hau ta bazu, ganye ya rufe sama ruf. A ƙarƙashi inuwa ce mai sanyi, nonnan inabi na reto daidai goshinka, wasu kore, wasu sun fara ja, wasu sun yi baƙi har da farar ƙura a jikinsu, wadda ba ƙurar hunturu ba ce, kakin da ɗan itacen ke fitarwa ne da kansa. Mai gonar, matashi ne, ya ce in tsinka in ɗanɗana, amma ya nuna mini wanda zan taɓa.

"Wancan bai yi ba, Yallaɓai. Shi ba mangwaro ba ne, ba ya nuna a ɗaki."

Haka ne kuwa. Inabi yadda aka tsinke shi haka zai zauna, ba ya ƙara zaƙi ko kaɗan. Wannan ne dalilin da ya sa wasu ke cewa na gida tsami gare shi: manomi ya ji tsoron tsuntsu ko ɓarawo, ko bashi ya matsa masa, ya yanka kafin lokaci.

Kurangar inabi 'yar ƙasashen sanyi ce, inda take zubar da ganye ta yi barci wata uku ko huɗu, ta farka ta yi fure. A nan babu sanyin da zai kwantar da ita, in aka ƙyale ta sai ta yi ta ganye ba 'ya'ya. Dabarar da manoman Indiya suka ƙware a kai, wadda ake bi a ƙasashen zafi, ita ce almakashi ya maye gurbin sanyi. Bayan girbi a aske ta ƙwal don ta fitar da sababbin rassa da damina. Da ruwa ya ɗauke a sake datse rassan a zage ganye, sai ta tofo da fure, bayan wata huɗu ko kusa da haka a yi girbi. Ke nan nunarsa tana faɗowa cikin rani, lokacin da babu ruwan sama da zai fasa 'ya'yan ko ya kawo musu ruɓa. Damina ita ce abokiyar gaba, domin laima ke kawo cutar da ke cin ganye, sai da feshi a kai a kai. Rani kuma sai da ban-ruwa. In ka haɗa kuɗin ginshiƙi da waya da rijiyar burtsatse da raga da mai gadi, za ka gane noman inabi ba na mai ƙaramin ƙarfi ba ne, ga shi sai an yi haƙurin shekara ɗaya zuwa biyu kafin a ga ɗan fari. Amma in ta kama, kuranga ɗaya tana yin shekaru da dama tana bayarwa.

Iri-irinsa a bakin manoma da launi ake kira, baƙi da ja da kore, mai ƙwallo da marar ƙwallo. A littattafan masu binciken noma kuwa kowanne da sunansa. Akwai Bangalore Blue na kudancin Indiya, baƙi mai ƙwallo da kaurin fata, mai jure zafi da cuta, wanda a can ƙasarsu ruwansa aka fi matsewa saboda ƙamshinsa mai ƙarfi. Akwai Anab-e-Shahi, kore mai manyan 'ya'ya da yawan haihuwa amma zaƙinsa matsakaici. Akwai Thompson Seedless, marar ƙwallo, wanda shi ne uban zabibin duniya. Akwai Muscat Hamburg mai ƙamshi kamar an fesa masa turare. Masu jure wahala su suka fi zama a gonakinmu, su kuma masu ƙwallo ne, mai saye a Abuja kuwa ya saba da na Afirka ta Kudu da Masar, marar ƙwallo, a cikin 'yar roba mai murfi, wanda ya sha sanyin firiji tun daga gona har kanti.

A ci, baƙin nan namu in ya nuna sosai ba ya jin kunyar kowa. A buɗa baki, in an sanyaya shi, ya fi lemon kwalba kashe ƙishi. Bayan tsire ko balangu mai kitse ɗan tsaminsa yana wanke baki. Da cukun Buzaye ko soyayyar awarar nono kuwa, gishiri-gishiri da zaƙi, nan ne za ka gane dalilin da ya sa Turawa ba sa raba inabi da cuku a faranti. A kindirmo a yanka shi biyu a cire ƙwallon tukuna. Abin da ban ga yana tafiya da shi ba shi ne shayi mai sukari, domin bayan kurɓa ɗaya sai inabin ya koma tsami zalla.

Matsalar tana zuwa ne ranar yanka. Gonaki da yawa suna nuna a makonni ɗaya, kayan ba sa jure rana, ba sa jure gargadar hanya, babu ɗakin sanyi. Dillali daga 'Yan Lemo ta Na'ibawa ko daga Kaduna ya san haka, ya kuma san manomi ya san haka, don haka ciniki ba ya tsawo. Mai rake in farashi bai yi masa ba yana iya barin kayansa a tsaye, ko ya kira mai inji. Mai inabi ba shi da ko ɗaya.

Ƙasashen da suka daɗe da inabi ta hanyar giya suka warware wannan. Asalin sana'ar ke nan: a matse, a bar ƙwayoyin yis su cinye sukarin su mai da shi barasa, barasar ta tsare ruwan shekara da shekaru. Haka aka yi a Keftawun ta Afirka ta Kudu tun 1659, haka ake yi a Dodoma ta Tanzaniya da kwarin Ziway na Habasha a zamanin nan. Wannan ƙofa a rufe take a nan, kuma ba wanda na tarar yana neman a buɗe ta. Manoman Musulmi ne, masu sayen ma haka, Kano kuma tun 2000 take ƙarƙashin shari'a, Hisba na fasa kwalabe a bainar jama'a. Amma kuskure ne a ɗauka giya ce kaɗai hanyar ajiye inabi. Ƙasashen Musulmi da suka fi mu daɗewa da shi suna da nasu hanyoyin. Iran da Turkiyya da Afganistan suna busar da shi ya zama zabibi, kilo huɗu na ɗanye ya ba da kimanin ɗaya, kuma iskar hunturunmu ta dace da shanya. Ana yin khal da shi, wanda halal ne. Ruwansa ma ana iya dafawa sama-sama a rufe a kwalba ba tare da ya juya ba, dabarar da wani likitan haƙori a Amurka, Thomas Welch, ya fara a 1869 don cocinsa da ba ya son barasa, ta zama babban kamfani daga baya.

Sai hanya ta ƙarshe, wadda ta fi kusa da mu. A Turkiyya da Siriya da Lebanon ana matse inabi a zuba ruwan a faffaɗan kasko, a hura wuta, a yi ta kwashe kumfa har ya yi kauri, a ajiye shi shekara ana ci da burodi da markaɗaɗɗen riɗi. Turkawa na ce masa pekmez, Larabawa dibis. Maɗi ne, ba wani abu ba. Ba ya bukatar marar ƙwallo, ba ya bukatar kyakkyawan nono, wanda ya fashe da wanda tsuntsu ya taɓa da wanda dillali ya ture gefe duk suna shiga. Kaskon da gwanin dahuwar suna nan a fadamun Rogo da Makarfi da Kudan kanta, kuma watannin da ake yankan inabi su ne watannin da wutar mazarƙwaila ke ci.

Ba zai zama kwafi kai tsaye ba. Ruwan inabi ya fi na rake tsami sosai, Turkawa sai sun zuba masa wata farar ƙasa mai alli ta kwana a ciki ta kashe tsamin kafin su tace su ɗora a wuta. Tsamin nan kuma yana cin baƙin ƙarfe ya baƙanta maɗin, don haka kaskon zai so ya zama na ƙarfen da ba ya tsatsa. Sukarin inabi ba irin na rake ba ne, ba zai daskare ya zama curi a tasa ba, a kwalba ko jarka za a zuba shi. Injin rake ma ba zai yi ba, zai murƙushe ƙwallon ya sa ɗaci, sai matsi mai sauƙi irin na buhu da dutse da ake yi wa rogon gari. Waɗannan duk abubuwa ne da za a iya gwadawa a kaka ɗaya da kwando goma na inabin da aka ƙi saye, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, mai ɗakunan gwaji da ma'aunan sukari da tsami, ba ta kai tafiyar awa ɗaya daga Hunƙuyi ba.